Ƙunshin Ɗan Gwaggo Mai Kwaɗo

Katangar katako ce tsakanin shagona na gyaran firinta da ofishin wasu taubasai biyu, mace da namiji, ko tari suka yi ina ji. Macen ce mai kula da rumbun intanet da masu rubuta manhaja ke ɗiban ƙunshin manhaja kyauta. Shi ɗan gwaggonta ne, ya zuba nasa ƙunshin na buga sakamakon jarrabawa, amma a kulle, ba mai iya ganin rubutun cikinsa.

"Lafiya lau, sai ganin ƙeyarka da ya ɓata min safiya," na ji ta ce. "Ƙarfe sha biyu zan cire kayanka."

"Haba 'yar kawu! Makarantu nawa ke aiki da shi? Kyauta fa na bayar."

"Kyautar akwati, makulli a aljihunka? Dokar rumbu ɗaya ce: a karanta, a gyara, a raba. Ba ma cinikin biri a sama."

"Ke da ko wayarki sai na saita miki?"

"Ni na koya maka kunna kwamfuta, kana danna linzami da hannu biyu kamar mai matse ƙurji."

"Hassada ce. Manyan kamfanoni na layi a kansa."

"Layin ina? Ranar da ka kwanta mura, malamai suka kira ni, sunayen yara na fitowa a guntule. Na zo gyarawa na tarar da kwaɗo. Kwana uku ana jiran majinarka ta tsaya."

Na ajiye abin kwance noti.

"Sirrin sana'a ne," ya ce, murya ta sauka.

"Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Sata ka yi?"

"Wallahi gumina ne!"

"To kunya ce. Tun muna yara kake ɓoye littafinka a ƙarƙashin katifa saboda rubutun kaza."

Nan na gane ba kamfani yake jira ba. Idonta yake tsoro.

"Faci ne kan faci," ya ce. "Za a yi min dariya."

"Ni zan fara. In na gama mu ɗinke tare. Saura minti ashirin."

Na ji ƙarar ɗan filashi ya faɗi kan tebur, sai dariyarsa. Na leƙo, ya riga ya kai bakin ƙofa.

"Ga rubutun ƙunshin duka a filashin, buɗe wa duniya, mayya. Amma daga layin rubutu na ɗari biyu zuwa ƙasa, in an tambaya, ki ce ke kika rubuta."