Akurkin Sallau Mai Ƙofar Tasi

Wani mutum ne a unguwarmu, Sallau. Ya taɓa zuwa Abuja ya ɗauki kwanon kankare na ɗan lokaci, tun daga nan duk benen da aka nuna a talabijin sai ya ce da hannunsa a ciki. Bakinsa ko gajiya ba ya yi.

Damina ta matso. Matarsa Hansai, wadda sanyi ya kashe wa 'yan tsaki kaf bara, ta ce za ta kira kafinta ya gyara mata akurki.

"Kafinta? A gidana?" in ji Sallau. "Ni zan yi miki akurkin da ko ɗigon ruwa ba zai shiga ba. Har da taga mai gilashi!"

Ya tafi wajen 'yan gwangwan ya kinkimo ƙofar wata tsohuwar tasi. Ya kafa katako, ya jera kwano a sama yadda ya ga dama, ya liƙe kowace kafa da leda, sannan ya ɗaura ƙofar motar a gaba. Ita ce ƙofa, ita ce taga. Ya kora kajin Hansai ciki. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya kwaso mu, da farar babbar rigarsa, wai mu zo mu ga aikin Turai. Har da taubashinsa Ilu, wanda ba ya raga masa ko a gidan makoki.

"Kun gani?" in ji Sallau. "Idan ana zafi, ka sauke gilashi su sha iska. Hadari ya taso, ka murɗa, shi ke nan!"

Kamar hadarin yana jin sa. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso fuuu.

Ilu ya ce, "To murɗa mana mu gani."

Sallau ya kai hannu, ya lalluba, babu abin murɗawa. Ashe yana ta ciki, kamar yadda yake a kowace mota. Gogan bai nuna komai ba. Ya tattare riga, ya buɗe ƙofa, ya rarrafa ciki. Kajin suka watse ta tsakanin ƙafafunsa, kwat-kwat-kwat, suka nufi madafi. Iska ta maido ƙofa, garam!

Ƙiiƙ, ƙiiƙ, gilashi ya hau har sama. Ya ɗaga mana babban yatsa. Sai ɓalas! Abin murɗawar ya ɓalle a hannunsa. Ya nemi mabuɗin ciki, babu. Ai kun san irin tasin nan, sai ka zura hannu ta taga ka buɗe ta waje. Ga tagar kuwa ya rufe ta ruf da hannunsa.

Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Mu kam kowa ya ranta a na kare, sai zaure. Wallahi mun ɗauka zama ya yi da gangan don ya nuna mana ingancin aiki. Yana ta buga gilashi, mu kuma muna ɗaga masa hannu.

Ashe kwanon rufin ya jera shi a juye, na ƙasa ya hau kan na sama. Duk ruwan da ya sauka a kai, kan Sallau yake zubowa, shaaa. Ledar da ya liƙe ƙasa da ita kuma ta hana ruwan fita.

Da aka ɗauke ruwa muka fito. Kajin Hansai na madafi, ko gashinsu bai jiƙe ba. Ilu ya buɗe ƙofar, ruwa ya kwararo da kashin kaji. Ga Sallau a tsugune, hula ta lanƙwashe, gashin kaza a gemu, haƙora na kaf-kaf-kaf.

"Gwaji... gwaji nake yi," in ji shi.

Ilu ya duƙa ya ƙare masa kallo, sannan ya waiwaya.

"Hansai, kawo wuƙa maza! Zakaran nan naki ba zai kai gobe ba, gara a yanka kafin ya zama mushe."