Ni Kankana, da Haƙoran Wani a Bakina

Jama'a, ranar Talata na shiga asibitin haƙori da bakina, na fito da bakin wani. Kada ku yi dariya tukuna, ku bari ni da abin ya faɗa wa in fara.

Ba ɓoyayyen abu ba ne, haƙoran roba nake sawa. Na asalin sun yi ritaya tun kafin ni. Makon jiya ina cin shinkafar tallafi, wadda manya suka ce an tsince ta tsaf, sai na gamu da tsakuwar da ta isa a kafa harsashin gini da ita. Na ji ƙas! Haƙoran sama suka rabe biyu. Ga shi ranar Alhamis iyayen saurayin 'yata Nirmin za su zo neman aure, ni ne mai karɓar baƙi, ni ne mai jawabi. Na naɗe su a hankici na kai wa Dakta Milad, wanda asibitinsa ke saman gidan shayin Sha'aban a nan unguwarmu ta bakin teku.

Tun ina da gashi a ka tsarin asibitin nan ɗaya ne. Ka zauna a ƙasa kana shan shayinka kana buga domino, in layi ya zo kanka Nagat mai karɓar marasa lafiya ta leƙo ta taga ta ƙwala kira: "Alhaji Fargali, taso!" Ba wanda ya taɓa mutuwa saboda haka.

To ashe manyanmu, Allah ya ƙara musu ƙiba, sun kasa barci saboda tausayinmu. Mai Girma Sarkin Rufa Asirin Talakawa ya kwashi kwamiti suka tare a wani otal mai kallon ruwa, suka ci gasasshen kifi har suka gano cewa babbar matsalar ɗan ƙasa ita ce a ji sunansa a gidan likita. Aka kafa doka: daga yau ba a kiran majinyaci da sunansa, ba a rubuta shi a jikin kwalba ko akwati. Kowa za a ba shi sunan sirri daga cikin 'ya'yan itatuwa. Ni Allah ya haɗa ni da Kankana.

Ranar Talata ina zaune a ƙasa, gidan shayi cike maƙil, sai taga ta buɗe.

"Kankana! Haƙoranka sun gyaru!"

Kowa ya dubi kowa. Ni kuwa na ajiye kofi na miƙe, dattijo da furfurata, na ratsa tsakiyar jama'a. Wani daga baya ya ce, "Allah ya sa ja ce." Kun ga asiri ya rufu ke nan.

Sai da na isa gida na buɗe akwatin na saka su. Da ƙyar suka shiga, kamar ana tura kabad ta ƙofar banɗaki. Leɓɓana suka ƙi haɗuwa. Na duba madubi, sai ga wani ingarman doki yana yi mini murmushi, har da haƙorin Makka a gefe.

Matata Insaf ta shigo da tire, ta dube ni, ta ajiye tiren a hankali.

"Baban Nirmin, me ake yi wa dariya?"

"Ba dariya nake ba."

"To rufe bakin mana."

"Ya ƙi."

"Innalillahi! Haka za ka tari surukai? Su ce uban yarinya na murnar rabuwa da ita?"

Nirmin ta leƙo, ta gani, ta koma ɗaki ta rufe ƙofa. Ban san ko kuka take ko dariya ba, amma gadon yana girgiza. Gaskiyar masu magana, zanen aro ba ya rufe katara.

Washegari da sassafe na koma. Na tarar da baƙo a kishingiɗe a kujerar cire haƙori, ya ɗaga ta daidai yadda yake so, yana kurɓar shayi. Yallaɓai Mai Duba Bin Doka ne da kansa, an turo shi ya ga yadda ake rufa mana asiri. Dakta Milad na tsaye a gefe kamar ɗan makarantar da bai yi aikin gida ba.

Na ce wa Nagat, "'Yata, waɗannan ba nawa ba ne."

Ta duba bakina, ta dafe ƙirji. "Wayyo, na ɗaya Kankanar ne!"

"Kankana nawa gare ku?"

"Baba, sunayen da aka amince da su sun ƙare tun makon farko. An ce a riƙa maimaitawa kafin kwamiti ya sake zama."

"To wane ne shi? In kai masa nasa in karɓi nawa."

Yallaɓai ya ɗaga yatsa ba tare da ya tashi ba. "A kul. Wannan sirrin majinyaci ne."

"Ranka ya daɗe, sirrin nasa fa yana cikin bakina."

"Shi ya sa nake jan kunnenka. Kana ɗauke da bayanan wani ɗan ƙasa ba da izininsa ba, kuma kana baje su a bainar jama'a. Rufe bakinka."

"Ba ya rufuwa, ranka ya daɗe."

"Doka ba ta san wannan ba."

Na ce to shi ke nan, ga su, a karɓa. Ya ce asibiti ba zai karɓi kayan wani daga hannun wani ba sai da yardar mai kayan. Na ce a tambaye shi. Ya ce in aka tambaye shi zai san kayansa na wurin wani, wannan kuwa tona nawa asirin ne, kuma shi ba zai zuba ido a ci zarafina ba. Wallahi har na ji kamar in gode masa.

Na juya ga Dakta, mutumin da ya san bakina fiye da matata. Ya dubi silin, ya ce da ƙaramar murya, "Alhaji, ina da 'ya'ya a makaranta. In aka rufe mini nan..." Ban ga laifinsa ba. Faɗan da ya fi ƙarfinka, sai ka mai da shi wasa.

Na sauko na toshe baki da hankici, na zauna a kusurwa na nemi shayi. To shayi ba ya shiga ta hankici. Ina janye shi Sha'aban ya tsaya cak da butarsa.

"A'a! Alhaji, me haƙoran Bayyumi mai kifi suke yi a bakinka?"

'Yan domino suka taso suka kewaye ni kamar an kawo sabuwar mota. Wani ya ce tabbas su ne, ga haƙorin Makkan da ya saka shekarar da ɗansa ya tafi aiki Kuwait. Wani ya ce ai shi ya sa tun jiya Bayyumi in ya buɗe baki zai yi tallan kifi sai fito ya fita, har kyanwoyin kasuwa sun daina amsa masa. Wani tsoho da ko gani ba ya yi sosai ya ce shi tun daga ƙarar haɗuwarsu ya gane su.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Duk faɗin garin nan a rasa wanda zan yi musayar baki da shi sai Bayyumi, mutumin da muka daina ko gaisawa tun ranar da ya kifar da teburin domino ya ce na ɓoye ƙwaya a hannun riga. Amma Alhamis gobe ce, kuma durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Na kama hanyar kasuwar kifi.

Na same shi bayan tebur, kumatu sun lotsa, yana magana da hannu a baki kamar amarya. Ya gan ni, ya ga murmushinsa a fuskata, ya ɗauke kai.

"Malam Bayyumi, na zo da amanarka."

"Wace amana? Ni haƙorana na Allah ne." Yana faɗa na saman suka zamo, ya tare su da harshe. Matan da ke zaɓen kifi suka matso kusa.

"Gobe za a zo neman auren 'yata."

"Allah ya sanya alheri. Wanda ya iya ɓoye ƙwayar domino ai zai iya ɓoye bakinsa."

Na ga lallashi ba zai yi ba. Na tsallaka wurin mai rake na sayi sanda guda mai kauri, na dawo gabansa na tsaya. Na ɗaga ta a hankali, na saita ta daidai kan haƙorin Makkan.

"Kai! Kai, Fargali, ka ji tsoron Allah! Ɗana ne ya saya mini!"

Bayan tulin ƙanƙara muka lallaɓa, dattawa biyu, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya ya zare, muka miƙa wa juna ta ƙarƙashin hammata. Ya wanke nasa a bokiti ya mayar, ya motsa muƙamuƙi, ya yi ajiyar zuciya.

"Naka ƙanana ne," in ji shi. "Haƙoran marowaci. Ko tuffa ba sa kamawa."

"Naka kuwa da su na kwana, jaki na yi ta mafarki."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya naɗe mini kifi a takarda ya ce a soya wa baƙi, ya kuma gayyaci kansa. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, balle tsakanin haƙori da haƙori.

Ranar Alhamis aka zo, na yi jawabi da bakina, aka karanta Fatiha, mata suka rangaɗa guɗa. Ana cikin shan lemo sai uban saurayin, wanda daga can ɗaya ƙarshen gari ya zo kuma ban taɓa ganinsa ba, ya matso ya kama hannuna da fara'a.

"Alhaji, barka da arziki. Mun ji a mota cewa haƙoran sun dawo gida lafiya. Da fatan ƙanshin kifin ya fita dai?"

Jiya kuma na ji an aiko wa Dakta Milad yabo daga sama, wai asibitinsa ya zama abin koyi, ko kalma ɗaya ta sirrin majinyaci ba ta fita daga cikinsa ba. Ni shaida ne, gaskiya suka faɗa. Mai shayi ya sani, 'yan domino sun sani, kasuwar kifi ta sani, fasinjojin mota sun sani. A duk garin nan mutum ɗaya tak dokar ta yi nasarar ɓoye wa abin da ke cikin bakina, shi ne mai bakin. Allah ya ja zamanin manya, ya kuma sa kada su tuna da asibitin basir.