Furfurar Aro ta Gwaggo Lantana

A Malumfashi idan ka ce Gwaggo Lantana, ba sai ka ƙara bayani ba. Mace ce da ta yi rantsuwa ita da tsufa ba za su haɗa hanya ba. Ta ba sittin baya tuni, amma ka kuskura ka faɗa a gabanta, ranar za ka gane kurenka. A bakinta kullum shekarunta "arba'in da 'yan kai" ne. Mun yi aure muna jin arba'in da 'yan kan nan, mun haihu, wasunmu har sun aurar, 'yan kan ba su motsa ba.

Gaban madubinta kuwa kamar kantin kemis. Wannan kwalbar ta safe, wannan ta rana, wannan ta ƙarƙashin ido, wannan ta wuya. Hoda sai ta yi mata shafe uku kafin ta leƙa ƙofar gida. Gashinta baƙi wuluk, sai ƙyalli yake. Kowa ya san rini ne, ita kaɗai ce ba ta san mun sani ba.

"Ni jinina ne ba ya karɓar furfura," haka take cewa a gidan biki, tana ɗan zame ɗankwali baya don a gani.

Ga ta da ba da shawara ko ba a tambaye ta ba. Wai kada mace ta yi dariya da yawa, dariya ce ke kawo tamoji. Saboda haka ko labarin ya kai a faɗi ƙasa, ita sai dai ta tsuke baki ta yi "hm hm hm" ta hanci.

To, tana da 'yar'uwa, Gwaggo Yalwa, 'ya'yan wa da ƙani ne. Ita Yalwa kanta fari fat, kuma ko a jikinta. Sabulun salo, man kaɗanya, kwalli, shi ke nan kayan kwalliyarta. Amma fatar nan tata luwai-luwai, in ta yi kitso ta shafe farin gashin nan da mai, wallahi sai ka so ka tsufa gobe. Dariyarta daga zaure ake jiyowa. In 'yan mata suka tambaye ta sirrin, sai ta ce, "Ku sha ruwa, ku yi barci, ku shafa man kaɗe, ku daina sa ido a harkar mutane. Layukan fuskar nan kuma ku bar min abina, kowanne na san inda na samo shi."

Ga inda abin yake. A gaskiya Lantana ce babba. Da damina aka haife ta, Yalwa sai da kaka ta zo. Amma duk waɗanda suka san haka sun riga mu gidan gaskiya. Sai Lantana ta samu dama. Ranar da furfurar farko ta fito wa Yalwa, ranar ta fara kiranta "Yaya Yalwa". A gaban mutane har da ɗan rusunawa. Da tafiya ta yi tafiya sai labarin ya ƙara kiɓa.

"Yaya Yalwa ai ita ta goya ni. Ina ƙarama ita ke min wanka."

Yalwa ba ta taɓa musawa ba. Me zai sa ta musa? Tabarmar gaba ita ake shimfiɗa wa, tsokar da ta fi girma ita ake miƙa wa. Sai ta yi dariyarta ta ce, "Allah ya raya mana ke, Lantana."

Ana nan sai ɗan wansu, Alhaji Mamuda, ya tashi aurar da 'yarsa Rumasa'u. Mijin a Fatakwal yake aiki. A gidansu kuwa al'ada ce, babbar gwaggo ita ke riƙe hannun amarya ta danƙa wa dangin miji, ita ke yin nasiha, ita ake yi wa sha tara ta arziki. Sai Alhaji ya sanar cewa amarya da babbar gwaggo a jirgi za su tashi daga Kano. Sauran 'yan rakiya kuwa bas ce, a kwana a hanya, a wuni a hanya.

Jirgi. Lantana ba ta taɓa shiga jirgi ba. Mace ce da in ta ji ƙararsa a sama sai ta bar tuƙin tuwo ta fito tsakar gida tana ɗaga kai. Jin zancen nan ya hana ta sukuni. Ta zari mayafi sai gidan Alhaji.

"Mamuda, zancen jirgin nan. Ai ka san ni ce babba."

Alhaji ya ajiye kofin shayinsa. "Gwaggo, ba ke kika ce Gwaggo Yalwa ce ta goya ki ba?"

"Goyon wasa ne. Irin na yara."

"Da wankan?"

"Kai Mamuda, kana da riƙe magana."

Alhaji mutum ne mai gudun rigimar mata. Ya ce shi ba ruwansa, ranar sa lalle duk matan dangi za su taru, wadda suka ce ita ce babba, da sunanta zai yanki tikiti.

Lantana ta dawo gida ta tsaya gaban madubi. Karo na farko a rayuwarta ta kalli baƙin gashin nan ta ja tsaki. Wa zai yarda ta girmi Yalwa da wannan kan? Ta rufe ƙofa ta shiga wanki. Sabulun wanka, bai fita ba. Sabulun wanki, bai fita ba. Ta sa toka, ta matse lemon tsami, ta dirje har fatar kai ta yi zafi. Rinin nan ko gezau. Mai kyau ta saya, wanda mai kantin ya rantse mata ko a kogi ta kwana ba zai saki ba, ga shi kuwa bai yi ƙarya ba.

Tana zaune tana huci sai idonta ya faɗa kan kwanon garin rogo.

Ranar sa lalle ta zo. Bazara ce, rana kamar ta sauko ƙasa. Tsakar gidan Alhaji cike da mata, har da dangin ango da suka zo daga Funtuwa. Ana ta hira ana kwaɓa lalle, sai muka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas daga zaure. Wata tsohuwa ta shigo, a duƙe, da sanda, da wani koɗaɗɗen zane, fuska ba hoda ba jan baki.

"Wash, bayana. Wash, gwiwata."

Sai da ta zo tsakiyar gida muka gane ta. Tasalla mai kitso ta saki baki.

"Gwaggo Lantana, lafiya? Shekaranjiya fa na gan ki a kan takalmi mai tsini."

"Tsufa ne, 'yar nan. Wasu a hankali yake zuwar musu, ni gaba ɗaya ya sauko min."

Ta ja jiki har gaban Yalwa, wadda ke zaune a kujerar manya tana cin goro. Ta buga sandar a ƙasa.

"Ke Yalwa, tashi ki ba ni wuri."

Muka kalli juna. Yau babu Yaya. Yalwa ta dube ta sama da ƙasa, ta gama tauna goronta, ta tashi ta ba ta kujerar. Lantana ta zauna daɓas, ta yi wani tari na aro, ta ce yau za ta faɗi abin da ta daɗe tana ɓoyewa saboda kawaici. Ita ce babba a gidan nan. Wanda ke shakka ya buɗe ido ya gani. Ta kama ɗankwali ta zare.

Kai fari fat. Har ya fi na Yalwa fari.

Mata suka ɗauki salati. Wasu daga dangin ango har sun fara gyara zama suna cewa sannu Iya. Ni kaina da nake ba ku labarin nan sai da na ɗan yi shakka. Lantana ta lumshe ido, a ranta ta riga ta ɗaura bel ɗin jirgi.

Sai Yalwa ta matso, fuskar nan cike da fara'a.

"Masha Allah, Lantana. Ashe haka furfura ta yi miki kyau kike ɓoye mana? Sai dai ta bushe. Furfura ba a barinta haka, mai take so, in ba haka ba karyewa take yi. Tasalla, ba ni matajinki."

"A'a, bar shi, na gode."

"Haba, ga baƙi. Babbar gwaggo guda a ganta da kai a bushe? Ai mu aka zaga."

Kafin Lantana ta lalubo ɗankwali, Yalwa ta riga ta kwance bakin zanenta ta fito da ɗan gwangwanin man kaɗanya da ba ta rabuwa da shi. Ta tsaya a bayanta, ta dafa kan da hannu ɗaya. Ta sa mataji ta ja.

Buɗus. Wata farar ƙura ta tashi.

Matar da ke kusa ta yi atishawa. Yalwa ta sake ja. Gari ya zubo a kafaɗa, ya zubo a cinya, ya zubo a tabarma. Wata kaza da ke kiwo a gindin randa ta taho da gudu, ƙwat ƙwat ƙwat, ta hau tsattsaga a ƙafar Lantana. Ga zafi, ga tsoro, gumi ya karyo mata. Garin da ya rage a goshi ya jiƙe ya zama ƙullu, yana gangarowa ta gefen kunne.

"Amosani ne," in ji Lantana da ƙaramar murya.

"Amosanin naki har kaza yake kira?" in ji Tasalla.

Yalwa dai ta ci gaba da aikinta. Ta lakato mai ta murza a tafin hannu, ta shafa daga goshi zuwa ƙeya. Inda duk hannun ya bi sai baƙi ya fito, wuluk, yana ƙyalli. Dariyar da mata ke dannewa ta ƙwace. Wata daga dangin ango har da riƙe ciki tana neman ruwa.

Sai Yalwa ta sa tsinken matajin ta tsaga gashin a tsakiya, ta sunkuya ta duba. Ta ƙura ido. Can a gindin gashin, dab da fata, ga wani farin siriri ya fara tsirowa, mai kyau, mai sheƙi.

"Ikon Allah. Ku zo ku ga kai mai hawa uku. Sama gari, tsakiya rini, ƙasa kuma ga ta Allah nan, fara tas. Lantana, abin da kika je nema a kwanon rogo ashe kina da shi kyauta."

Wallahi a nan sai na ji ta ba ni tausayi. Ta yi tsuru-tsuru, ga ƙullu a kunne, ga kaza a ƙafa. Ita ma Yalwa da alama tausayin ya kama ta, don ta ɗaga hannu aka yi shiru.

"Ku saurara. Maganar gaskiya, Lantana ta girme ni. Da damina aka haife ta, ni da kaka. Ni jirgin nan bai dame ni ba, na ci tsokar girma shekara da shekaru, ta ishe ni. Abu ɗaya nake so. Lantana, ga dangi, ga baƙi. Faɗi shekarunki da bakinki, na gaskiya, a kira Mamuda yanzu ya yanki tikiti da sunanki."

Shi ke nan fa. Kalma ɗaya tsakaninta da jirgi.

Lantana ta dubi Yalwa. Ta dubi matan unguwa da ta shekara tana yi wa lacca a kan tamoji. Ta dubi baƙin Funtuwa. Ta buɗe baki.

"Sit..."

Muka miƙa wuya.

"Sit... sit..."

"Ƙarasa mana, Gwaggo," in ji Tasalla. "Saura kaɗan."

Gumi ya ɗigo daga haɓa. Ta rufe ido, ta ja dogon numfashi, sai muka ji murya siririya ta fito.

"Arba'in... da 'yan kai."

Gidan ya kece. Yalwa ta rufe gwangwaninta, ta ɗaure a bakin zane, ta ce, "To alhamdu lillahi, na yi iyakar ƙoƙarina. Tashi min daga kujera, ƙanwata."

Ranar tafiya Yalwa ta sha farin leshi, ta ɗaura ɗankwali ta bar furfurar gaba a waje, aka sa ta a motar Alhaji ita da amarya sai Kano. Lantana kuwa ta fito da jakarta, an koma hoda shafe uku. Ta nufi bas ɗin, ta kama ƙofar gaba za ta hau kusa da direba, inda ake miƙe ƙafa. Sai Tasalla ta riƙo mata mayafi cikin ladabi, ta nuna mata can ƙurya, layin ƙarshe a kan taya, inda ƙawayen amarya suka cunkushe da kuloli suna ta ɗaukar hoto.

"Yi haƙuri, Anti Lanti, ga sa'o'inki can sun ajiye miki wuri. Gaba ta manya ce."