Ƙusar Sakatare Mamuda

In ana maganar tsari a garin Jega, to a fara da Sakatare Mamuda na ƙungiyar manoman albasa, a huta, sannan a nemi na biyu. Bawan Allahn nan takarda ba ta kwana a ofishinsa sai ya buga mata hatimi, ya huda ta, ya zura igiya ya ɗaure a fayil. Ko katin ɗaurin aure bai tsira ba. 'Yan kasuwa suka laƙaba masa Na-Huda, shi kuwa ya karɓa kamar sarauta.

Ana nan sai uwar ƙungiya ta aiko da kwamfuta ɗaya tal, da sharaɗi: in masu dubawa suka zo ranar Laraba ba ta aiki, reshen Aliero za a kai ta. Sakatare bai yi wata-wata ba, ya sa aka rubuta a ƙofarsa da jan fenti: Shugaban Sashen Kwamfuta.

A kwalin akwai faifan sidi mai ɗauke da manhaja, da wani ɗan faifai mai kusurwa huɗu da ake kira fulofi. Wasiƙar da ta rako su ta ce in an fara ɗora manhajar, na'urar za ta nemi fulofin, don gyaran da ke cikinsa ne zai sa aikin ya wuce gaba. Sakatare bai karanta ba, ai hatimi ya riga ya hau.

Ya ɗaga sidin, ya leƙa ta hudar tsakiyarsa. "Kun gani? Turawa ma sun san tsari! Da hudatai yaz zo." Ya zura igiya. Fulofin kuwa babu huda a tsakiya, abin huda takarda ya ƙi cinsa. Da wani ne, da ya haƙura. Sakatare ya aika aka gasa ƙusa a murhun mai tsire, ya gyara kuskuren Turawa da hannunsa.

Ranar Laraba Murjanatu mai buga tafireta, wadda ta yi wata shida a Sakkwato tana koyon kwamfuta, ta zauna ɗora manhaja. Sakatare na tsaye a kanta cikin babbar riga, yana yi wa masu dubawa jawabi: "Wanga ci gaba da kuka gani, ni nik kawo shi Jega."

Na'ura ta tsaya, ta nemi fulofi.

"Yallaɓai, ina ƙaramin hwaihwan?"

"Yana cikin hwayil, shahi na goma sha bakwai," in ji shi, yana hura hanci. "Ba a ɓatan kaya ohis ɗina."

Ta kwance igiya, ta ɗaga fulofin, ta hango fuskar Sakatare ta cikinsa. Ranta ya ɓaci. Ta dai saka shi don a fita hakki. Na'urar ta yi gurnani sau biyu ta yi shiru.

Kafin la'asar kwamfuta ta hau motar Aliero. Bayan mako guda sabon fulofi ya iso can, aka ce Murjanatu ta bi, tunda ita ta iya.

Rubutun jan fenti yana nan a ƙofa har yau. In ka leƙa ciki za ka ga Shugaban Sashen Kwamfuta a gaban tsohuwar tafireta, yana laluben haruffa da yatsa ɗaya.