Ranar da Na Kashe Kawu Hassan

Da kawuna Mai Jaki ya rasu, ni na miƙe na ce zan je garin Haj Abdalla, a nan Sudan, in yanko takardar shaidar mutuwa, tunda duk gidanmu ba wanda ya kai ni Larabcin ofis. Tagwaye ne shi da Kawu Mai Shayi, kamar an tsaga kara, kuma tun tasowata ban taɓa jin an kira su da sunan yanka ba.

Ma'aikacin ya ce, "Ya zol," wato bawan Allah, "sunan mamacin?"

Mai Jaki ya fi furfura, don haka ai shi ne babba. Ko ƙifta ido ban yi ba na ce, "Hassan!"

Na dawo zaman makoki da azahar, na miƙa takardar cikin isa. Kawu Mai Shayi ne ya karɓa, sanye da farar jallabiyar marigayin. Ya karanta ta har ƙarshe. Ya ɗago fuskar nan da muka binne shekaranjiya, ya zuba mini ido.

"Ɗana," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa, "in ni na mutu, wa kunka sa cikin rami?"

Ashe shi ne Hassan ɗin; da kalma ɗaya na kashe shi, na kuma jefa gonar audugarsa cikin gado. An ce tagwaye na tura kunama. Washegari na zazzago wata kunama daga cikin takalmina.

Gyaran ya ci watanni, Kawu na biye da ni ofis-ofis yana rantsuwa yana da rai. Har yau in na doso majalisa tsofaffi matsawa suke yi: "Ga Azara'ilu nan, kar wanda ya faɗa mishi sunanshi!"