Rasuwar Kyamarar Likita, da Batun Wanda Ya Buɗe Jaka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma har shekaranjiya ba ta yarda da kowa ba, iyalan Likita, wato likitan haƙorin nan da ke saman shagon ɗinki, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kyamararsa. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan kantar kicin, bayan shekara goma sha ɗaya a hannunsa. Allah ya ba shi haƙuri, mu ma ya ba mu haƙurin zama da shi.

Marigayiya baƙa ce, mai nauyi, marar yawan magana. Ba a taɓa jin bakinta ba sai "ƙyas", sannan ta yi tsit, sannan wani "ƙyas". Duk shekara idan sanyi ya kankama, marasa lafiya suka ragu saboda ba mai son a taɓa masa haƙori yana rawar ɗari, sai Likita ya rufe asibiti ya sa ta a mota, su hau duwatsu inda babu fitilar kowa. A can ta ɗauko masa hoton tauraruwa Zara, ta ɗauko Kaza da 'ya'yanta, ta ɗauko husufin wata sau biyu. Ta jure sanyin da ya taɓa daskarar da ruwan shansa a cikin gora, ba ta taɓa cewa a koma gida ba. A cewar Likita, ita kaɗai ce a gidan nan ba ta taɓa tambayarsa amfanin abin da yake yi ba.

Ta rasu ta bar gilashin hange biyu, babba da ƙarami, da batura uku, da caja, da abin ɗora ta mai ƙafa uku wanda tun ranar yake jingine a bayan ƙofa, ya kasa tsayuwa shi kaɗai. Ta kuma bar Likita.

Game da ciwon ajalinta, a gafarce mu idan bayanin ya yi tsawo, shi ya ce kada a rage komai. Akwai doka a gidan, ya rubuta ta da jan biro ya manna a bango: duk ranar da aka dawo daga sanyi, jakar kyamara za ta zauna a rufe a baranda awa huɗu. Ƙarfen da ya sha sanyi idan ya shiga ɗumi farat ɗaya, gumi yake yi, har a cikin cikinsa, kuma wannan gumin shi ne ajali. Ranar Talata Likita ya iso da safe, ya ajiye jakar a inda ya saba, ya je ya kwanta. Da ya tashi sai ya tarar da jakar a buɗe, marigayiya kuma a kicin, kusa da tukunyar ruwan zafi, an lulluɓa mata tawul. Ya danna, shiru. Ya ɗauko ɗan madubin da yake leƙa bakin mutane da shi ya leƙa cikinta, ya ga ruwa ɗigo-ɗigo. Nan take ya rantse ba zai sake cin abinci a teburi ɗaya da wanda ya buɗe jakar nan ba.

Daga nan bincike ya fara. Na farko da aka tuhuma shi ne ƙanin matarsa, mai sayar da wayoyi, wanda ya shigo da safiyar ranar aron tsani. Laifinsa shi ne ya sha cewa wayarsa ma tana ɗaukar wata.

"Yaya Likita, ni da ko zif ɗin wandona sai an taya ni?" in ji shi. "In kashe ta in ci me?"

Likita ya rubuta amsar a takarda, ya ja layi a ƙarƙashin "in ci me". Ya tuhumi mai kawo gas. Ya tuhumi kyanwar maƙwabta, har sai da ya tuna ba ta iya ninke tawul. Ko mai gyaran da aka kai wa gawar bai tsira ba, don Likita ya lura ya ce "ta mutu" da sauri, yana kallon gilashinta kamar mai son gado.

Amma zarginsa ya fi zama a kan Mama, matarsa. Tawul ɗin nata ne. Kicin ɗin nata ne. Kuma shekara goma sha ɗaya tana cewa ita ba ta san mijin da ake nemansa a sama ba. Ranar Laraba, a gaban ƙaninta da maƙwabta biyu da suka shigo jaje, ya dube ta ya ce ai mai hali ba ya rasa dama. Mama ba ta ce ita ce ba, ba ta ce ba ita ba ce, kuma wannan shirun ya ƙara tabbatar masa. Ya ɗauki farantinsa ya koma ci a tsaye a baranda.

"Ka ci a kan rufi ma in ka so, ka fi kusa da danginka," in ji Mama. "Amma ka ji da kyau. In Lahadi ta yi ba ka janye maganar nan a gaban waɗanda ka faɗe ta ba, ka neme ni gidan yayata."

Ta sauko da akwati ta ajiye a tsakiyar ɗaki, a buɗe. Duk sanda ya wuce yana ganin kaya suna ƙaruwa a ciki, yana kuma ƙara gamsuwa cewa mai gaskiya ba ya haɗa kaya.

Ranar Alhamis mai gyara ya aiko da katin hotunan da ke cikin kyamarar, wanda ashe bai gada ba. A nan ne Likita ya tuna abin da gajiya ta mantar da shi. Idan zai ɗauki tafiyar taurari, yakan saita marigayiya ta riƙa ɗauka da kanta duk bayan minti ɗaya, kuma a wannan asubar yatsunsa sun sandare, ya tura ta jaka bai kashe ba. Wato tana aiki har ta mutu. Ya kulle ƙofar asibiti, ya zauna a kujerar marasa lafiya da kwamfuta a cinya, yana jin daɗi irin na wanda za a wanke.

Taurari, taurari. Sannan duhun cikin jaka, hoto ɗari biyu da wani abu. Sannan haske, sai fuskar Inna, mahaifiyarsa, mai shekara tamanin da ɗaya, wadda ita kaɗai ce bai tuhuma ba, don ba ta ji sosai kuma ba ta karatu. Ga ta ta kara kyamarar a kumatunta ta yamutsa fuska saboda sanyin. Ga silin kicin. Ga ta tana hura wa gilashin iskar bakinta tana gogewa da gefen mayafi. Ga ta tana gyara mata zama kusa da tururi, kamar yadda take yi wa jikokinta in ruwa ya dake su. A hoto na ƙarshe da ake iya gane wani abu, ana hango Mama a bakin ƙofa, hannunta a baki, ta iso a makare. Daga nan hazo ya rufe komai.

Likita ya daɗe a kujerar nan. Ya duba duk hotunan shekara goma sha ɗaya da ke kwamfutar, ya tarar ba shi da hoton mahaifiyarsa ko ɗaya sai waɗannan.

Ana roƙon duk wanda zai karanta wa Inna wannan sanarwa ya tsallake sakin layi biyun da ke sama, da wannan ma.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar, a falo. Za a naɗe marigayiya a sa ta a saman kabad, inda hannun kowa ba ya kaiwa. Ana buƙatar ƙanin Mama da maƙwabtan nan biyu su halarta ba fashi, domin Likita zai miƙe tsaye ya faɗa da babbar murya, yadda har Inna za ta ji, cewa Mama ba ta da hannu, shi ne da kansa ya yi sakacin da ya kashe kyamararsa. Zai yi kaffarar rantsuwarsa, kuma za a ci abinci a teburi ɗaya. Mama ta ce za ta kwashe kayan akwati bayan ta ji jawabin, ba kafin ba.

An riga an sanar da Inna abin da zai faɗa, don kada abin ya zo mata ba zato. Ta gyaɗa kai ta ce ita da ma tun farko shi take zargi.