Ranar da Jazuli Ya Cusa Dada a Hula

Akwai wani saurayi a Kaduna, Jazuli, mai ɗaukar hoto a gidajen biki, wanda Allah ya jarrabe shi da son gashin kansa. Ba irin sumar nan da samari ke tarawa ba, wadda uwa na yin tsawa a je a aske. Dada ce ya tara shekara da shekaru, igiya-igiya har kafaɗa. In ka ji yana maganar gashin nan sai ka rantse gona ce ya gada. Ba ya shiga ruwan sama, ba ya hawa babur sai ya naɗe kai, kuma duk wanda ya kuskura ya kai hannu don ya ji ko na gaske ne, to zumunci ya yanke daga ranar. Mahaifinsa ya yi faɗa har ya gaji ya sa masa ido. Wanzamin layinsu kuwa ko gaisuwarsa ya daina amsawa, wai shi ba ya gaisawa da asara.

Ana nan sai so ya kama Jazuli. Yarinyar, Bahijja, ba ta damu da gashin ba, har cewa take yana yi masa kyau, ka san so hana ganin laifi. Matsalar ita ce a danginsu ba a ba saurayi izinin turo manya sai ya je Zariya ya gaida kakarta, Hajiya Yalwa. In tsohuwar nan ta ce to, magana ta ƙare. In ta taɓe baki, ko ɗan waye kai sai dai ka nemi wata. Bahijja ta roƙe shi ya rage gashin ko da rabi ne, ya ce sai dai a rage masa yatsa. Yarinyar yana sonta har cikin ransa, dadar ma haka, kuma ya ƙudura ba zai saki ko ɗaya ba. Sai ya zauna ya ƙulla dabara irin ta masu wayon da ba ya kai su ko bakin ƙofa.

Ranar tafiya ya wanke gashin tas, ya laɓta masa man kaɗe kamar mai shirin suya, ya naɗe ya cusa cikin wata zurfafar hula da ya aro wurin wani abokinsa mai ƙaton kai. Ya zuba babbar riga, ya dubi madubi, ya ga kamilin mutum wanda ko limanci aka ba shi ba za a ji kunya ba. Abin da gwanin naka ya manta shi ne lokacin zafi ake ciki, kuma motar haya ba ruwanta da sirrin kowa. Kafin su wuce Jaji man ya narke, ya fara gangarowa ta bayan kunne. Haka ya isa Zariya yana ƙyalli, hannu ɗaya dafe da hula.

Aka yi masa iso. Ya tarar da Hajiya Yalwa zaune a kan tabarma a inuwar tsakar gida tana ɓare gyaɗa, 'yar ƙaramar tsohuwa mai kaifin ido. Jazuli ya tuɓe takalmi, ya zube ƙasa, ya sunkuyar da kai don a ga ladabi. Ladabin ne ya yi yawa. Hular da ma a kan mai take zaune, ta sulɓe, ta gangara har gaban Hajiya, igiyoyi suka zubo suka rufe masa fuska. Bahijja da ke leƙe ta bayan labule ta yi salati ta koma ɗaki.

Tsohuwa ta dubi hula, ta dubi mai hula. Ko gezau ba ta yi ba, wannan kuwa ya fi tsorata shi a kan a ce ihu ta yi.

"Sannu, samari," in ji ta. "Ciwo ka yi, ko alwashi ka ɗauka?"

"Ko ɗaya, Hajiya. Dada ce. Ado ne."

"Ado. To madalla. Mu a zamaninmu in aka hango mai irin wannan adon, hanya ake ba shi, a janye yara."

Jazuli ya ga ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Tunda ɓuya ta ƙi, sai ya ga gara ya nuna wa tsohuwa cewa shi ba ƙazami ba ne. Ya share mai daga goshi, ya gyara tsuguno.

"Wallahi, Hajiya, ba ƙazanta ba ce. Gashin nan ya fi na mata da yawa samun gyara. Da karkashi nake wanke shi, in bi da sabulun salo, sannan in shanya shi ya bushe sarai don kar ya yi wari."

"Ka shanya. A igiya?"

"A kaina dai, Hajiya. In ya bushe sai man kaɗe, wani lokaci man kwakwa. In za ni taro kuma in turara shi."

"Har da turare. Ikon Allah. Wa ke yi maka kitson?"

"Ba kitso ba ne, murzawa ake yi. Akwai wata mata a Barnawa, wurinta nake wuni duk ƙarshen wata."

"Ka wuni. Cikin mata."

"Ai layi ake bi, Hajiya."

"Gaskiya ne, ba a tsallake layi. To kwanciya fa? Haka kake zubewa da igiyoyin a shimfiɗa kamar saiwar rogo?"

"A'a, akwai wani ɗan kallabi mai santsi da nake ɗaurawa, don kar matashi ya shanye man."

Hajiya ta dinga gyaɗa kai a hankali. Jazuli da ya ga haka sai zuciyarsa ta yi sanyi, ya ɗauka huɗubarsa ta shiga. Maimakon ya yi shiru ya bar abin a nan, sai ya ƙara gishiri.

"Kin ga ke nan, Hajiya, mutumin da ya jure wannan hidimar bai gaji ba, riƙon mace ba zai gagare shi ba. Ni dai izini nake roƙo in turo manyana."

Tsohuwa ta jefa ƙwayar gyaɗa a baki, ta tauna, ta kakkaɓe zaninta.

"Ai ban hana ba, ɗan nan, turo su. Sai dai su zo mini da amsa, kar a yi abin kunya a gaban dangi. Lefen nan, ku za ku kawo mana, ko mu za mu kai maka?"